Sirdin Bishiya na Baba Barau

Zuwa ga yayana, Malam Mamman Maharbi, a Gadarif.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Yaya Rabi da yara da dukan mutanen gida. Mu ma a nan Jidda lafiya lau muke, sai zafi da gumin bakin teku. Mai ɗakina Hajara tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara.

Na san ba kai kaɗai za ka ji abin da ke ciki ba. Za a karanta maka ita a ƙofar gida, maƙwabta su matso da tabarmi. To, su matso ɗin, labarin ya ishi kowa.

Yaya, na ɗinka sirdin bishiya! A nan Jidda, garin da sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga itacen da zai ɗauki ƙato ba. Na ɗinka, an hau, ya yi. Tun ranar nake ta jin kamar in tako teku da ƙafa in zo in gaya maka da bakina.

Saboda waɗanda ke zaune kusa da kai ba su san abin ba: mazauni ne na fata da maharbi ke ɗaurawa a ƙugu, ya zarga igiyarsa a jikin itace can sama, ya jingina baya yana reto, ƙafafunsa a kan reshe, hannuwansa biyu a sake, yana dakon nama. Mahaifinmu ne ya sa masa wannan suna tun muna dajin Lame, kafin mu kamo hanyar gabas.

Ka tuna yadda kuke kai ruwa rana da Baba a kansa? Shi mai faɗi yake so, ƙirgin sa guda, ya rungume shi tun daga cinya har gadon baya. Yakan ce, "Ni zama na je yi, ba rawa ba." Kai kuwa siriri kake so, faɗin tafin hannu, don ka juya duk inda gwanki ya ɓullo. Kakan ce na Baba gadon mai jego ne. Ni ina tsakiya da basilla, in ɗinka wa wannan, in farke wa wancan. Ban taɓa harbin ko gada ba, amma babu ƙugun maharbi a garinmu da ban san faɗinsa ba.

Tun da Baba ya rasu a hanya, ka tsaya noma a Gadarif, ni na ƙetaro, hannuna bai ƙara taɓa irin wannan aiki ba. Rumfata a Bab Makka takalma ce da ɗamarar alhazai da jakunkuna. Na ɗauka abin ya wuce ke nan.

Sai ga Baba Barau. Ba ka san shi ba. Tsoho ne mutumin Birnin Gwari, maƙwabcinmu a unguwar Karantina, gajere, baƙi wuluk, yana ɗingishi saboda ɓauna ta taɓa watsar da shi har kwankwasonsa ya goce. A gida sarkin dawa ne. A nan kuwa ga-ruwa yake yi, gwangwani biyu a sanda, yana hawa benayen mutane. Yanzu ana ta jan famfo cikin gidaje, aikin yana mutuwa. Kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya rasu, iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, ta kusa ƙarewa, kuma ka san abin da ke biyo baya: a kama mutum a sa shi a jirgi. Shi ko ba shi da kowa a gida. Matarsa a nan aka binne ta.

Cikin masu sayen ruwansa akwai wani Balarabe mai lambu a duwatsun wajen Ɗa'ifa. Manyan biran dutse sun addabe shi. Sukan sauko da hantsi garke guda, su wawashe rumman da inabi, masu gadi suna nan suna kora ta gabas, su kuma suna shiga ta yamma. Akwai wata babbar kurna a tsakiyar lambun wadda daga kanta ake hango gangaren dutsen duka. Baba Barau ya ce masa in ya hau kurnar nan da bindiga, biri ba zai ƙara cin ko ɓawo ba. Balaraben ya dubi ƙafarsa ya yi dariya, ya kira shi baffa da harshensu, ya ce, "Ya ammi, in na ga ka hau itace da idona, ka zauna ka daɗe, ni ne kafilinka. In ba ka iya ba, halas, magana ta ƙare."

Hawa ba ya gagararsa, Yaya. Zaman ne. Kwankwason nan ba ya jure reshe ko na ɗan lokaci. Shi ya sa ya zo rumfata, ya ajiye gwangwanayensa, ya ce ya ji ni ɗan maharba ne daga Lame, ko na san mazaunin da mutanenmu ke hawa da shi. Na ce masa wallahi na san shi, kuma zan ɗinka.

Kafin in yanka fata, labari ya gama Karantina. Ashe garin nan cike yake da tsofaffin maharba! Wannan ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa, wancan mai shara, wancan mai wanki, kowa ya ɓoye dajinsa a ciki. Bayan la'asar sai su cika mini rumfa, ana zuba shayi ana gardama. Wani ya ce a zarga igiya daidai goshi, wani ya ce daidai ƙirji. Wani ya ce a sa maɗauri a cinya kada mutum ya zame, wani ya ce maɗaurin cinya shi ke kashe ƙafa. Wanda ya fi kowa zafi shi ne Alhaji Tanko mai tsire, mutumin Damagaram. Da ka ji shi sai ka rantse kai ne. Yakan buga cinya ya ce, "Siriri! Maharbin da ya ji daɗin zama barci zai yi, nama ya wuce ta ƙarƙashinsa!" Na yi ta dariya ni kaɗai, ba wanda ya san dalili.

Na fara da irin na Babanmu, mai faɗi, da fatar raƙumi. Muka rataya shi a azarar rumfa, Baba Barau ya shiga. Bai yi ba. Fatar ta matse shi daga gefe biyu daidai inda ciwon yake, gumin Jidda ya sa ta yi ta zamewa sama har ta koma hammata. Ya daure, ya daure, na ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Da muka sauko da shi ƙafar ta mutu, sai da aka riƙe shi. Ya jira ƙafar ta dawo, ya saɓa sandarsa da gwangwanaye ya tafi. Ko Alhaji Tanko bai ce ai na faɗa ba.

Na gwada siriri irin naka, kada ka ce ban yi maka adalci ba. Wannan ma ya fi muni, ya shige masa cikin nama kamar wuƙa. Ka yi haƙuri, Yaya, naka na masu lafiyayyen ƙugu ne.

Na koma gida rai a jagule, na zauna a tsakar gida da fatar a cinya ina jujjuya ta. Hajara tana shirin goya Ummi, autarmu. Ta saurari ƙorafina tana ɗaura zane, sannan ta ce, "Kai ma dai. Wa ya taɓa goyo da ƙyalle ɗaya? Zane ya riƙe baya, majanyi ya tallafi ƙasa." Ta ja majanyin ta ƙulle, ta wuce madafa abinta.

Na bi bayan yarinyar nan da kallo. Tana zaune daram, ba matsi, ba zamewa. Na miƙe ko takalmi ban tsaya sawa daidai ba.

Biyu na yi shi, Yaya. Na ƙasa, mai tallafar cinya, da zanen filafilan jirgin ruwa da na samo wajen masu kwale-kwale, don yana shan gumi kuma ba ya santsi. Na sama, mai riƙe baya, da fata mai laushi. Na haɗa bakinsu a zobban ƙarfe biyu na kayan raƙumi, yadda mutum zai iya ware su in yana son jingina, ya haɗe su in yana son juyi. Igiyar gaba na tsawaita ta, don na lura gajeriya ce ke jawo gefe biyu su matse ƙugu. Daidai kwankwason da ya goce kuma na cusa auduga na yi masa ɗan matashi. Ina ɗinki, don ɗoki har na soke yatsa ban ji ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka taru ƙarƙashin wani tsohon itacen dogon yaro da ke bayan kasuwa. Maharban nan duka sun zo, wasu da kayan aikinsu a jiki. Balaraben ya iso a motarsa, ya tsaya daga gefe yana jan carbi. Baba Barau ya tuɓe riga, ya ɗaura sirdin, ya yi bisimilla ya kama itacen.

A hankali ya hau, yana jan ƙafar nan. Sau ɗaya ta zame, ɓawon itace ya zubo mana a ka. Ya kai inda reshe ya rabu, ya zarga igiya, ya ƙulla, ya jijjiga ta. Sannan ya jingina baya. Ya saki hannu ɗaya. Ya saki ɗayan.

Yaya, ya zauna! Ya zauna kamar a kan buzunsa! Ya taka reshe ya zagaya jikin itacen ta dama, ya dawo ta hagu. Ya ce a miƙo masa sandar ruwansa, ya ɗora ta a kafaɗa kamar bindiga, ya auna wani hankaka a kan soro. Wurin ya kaure da kabbara. Mai wankin nan ya fashe da kirarin maharba da muryar da ban san yana da ita ba, sauran suna amsawa, Larabawa masu wucewa suka tsaya suna tambaya ko biki ake yi.

Balaraben ya jira, ya jira, ya ga tsoho ba shi da niyyar motsi. Ya ɗaga kai ya ce, "Yalla ya ammi, sauko, na yarda. Gobe mu je a yi takarda." Baba Barau ya leƙo ta cikin ganye ya ce, "Ban gama ba. A kawo mini shayina nan." Da igiya muka aika masa da kofi. Ya sha a sama, yana kallon teku, hawaye yana bin gemunsa, bai ko share ba. Kiran magariba ne ya sauko da shi.

An yi masa iƙama. Yana can Ɗa'ifa cikin sanyi, kuma birai sun koma lambun maƙwabta. Kwanan baya ya zo mana da kwandon rumman, ya yi ƙiba har kumatu. Ka san abin da ya fara faɗa bayan gaisuwa? Wai na sama ya yi tsawo da yatsa biyu, in rage. Maharba! Alhaji Tanko kuwa ya sa na ɗinka masa siriri, ya rataye shi a bayan tukubarsa. Ba shi da itacen hawa, amma duk wanda ya zo sayen tsire sai ya sha bayani.

Ɗan'uwana, lokacin da tsohon nan ya saki hannuwansa, ba shi na gani ba. Kai na gani a kan ɗorawar bakin rafi, kana saurayi, kana yi mini alama da ido in yi shiru. Na duba dama da hagu cikin taron nan ina neman wanda zan riƙe wa hannu, duk mutanen kirki ne, amma ba wanda muka sha nono ɗaya. Rabona da fuskarka tun ranar da ka ɗora mini ƙunshin guzuri a bayan babbar mota, ka juya da sauri don kada in ga idonka. Na gani, Yaya.

Alhazan da suka zo bana sun gaya mini gwiwa ta hana ka shiga daji, ka rataye baka. Ban yarda ba. Na ware fata mafi kyau a rumfata, na jiƙa ta da mai, amma ban sa mata wuƙa ba, don ƙugun da na sani na saurayi ne, ban san na dattijo ba. Ka samo zare mai ƙarfi, Yaya Rabi ta zagaya shi a ƙugunka ta ƙulla, ta zagaya a cinya ta sake ƙullawa. Ka ba duk wanda zai hau jirgi daga Bur Sudan, ya tambayi Sale baduku a Bab Makka. In kuwa Allah ya hore, ka kawo ƙugun da kanka in auna.

Allah ya jiƙan Baba da Inna, ya haskaka makwancinsu. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya albarkaci gonarka, ya raya mana zuriya. Allah ya kira ka Ɗakinsa ina da rai, in tarye ka a bakin jirgi, in ɗaukar maka kaya. Amin.

Ni ne ƙanenka mai begen ganinka,
Sale Baduku,
Bab Makka, Jidda.