Baba, Darbejiya Ba Ta Shan Ruwan Gishiri

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, ina roƙon Allah ya kai haske kabarinka. Shekara uku ke nan da rasuwarka, kuma yau da haushi na zauna rubuta maka, rabi na mutanenmu, rabi na kaina.

Ka tuna masallacin da ka kewaye da duwatsu a bayan tukubar tsirenka, a gandun shaƙatawa na bakin teku? Duk Asabar da Lahadi mu taso daga Agege, mu sauya motar haya ta danfo a Mile 2. Tukubar tana hannuna yanzu. A zamaninka taku sittin ne daga dutsen alƙibla zuwa ruwa. Makon jiya na ƙirga tara.

Masu kula da gandun suka ce kowane rukunin 'yan kasuwa ya riƙe gaɓar da ke gabansa, ya kwashe robobi, ya dasa itatuwan da za su kama ƙasa. Na kira taro bayan Juma'a. Mahauta, 'yan okada, 'yan dako, tabarma ta cika. Ana ambatar itace baki ya zo ɗaya: darbejiya. Ita ta tsayar da rairayi a garinmu, kuma rairayi ai rairayi ne. Ni na fi kowa ɗaga murya.

Motar albasa ta kawo mana dashen daga Arewa. Ranar dashe kowa ya sha farar shadda, aka yi ta hotuna. Iya Ronke, tsohuwar nan mai bandar kifi da kuke musayar tsire da kifi, ta tsaya tana kallonmu. Ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Yaron Malam, wannan ruwa gishiri ne, kwakwa yake so." Na yi mata godiya da Yarbanci, na ci gaba da haƙa.

Mako uku, Baba, ganyen ya ƙone kamar an babbaka shi. Sai a lokacin na tuna maganarka: "Teku ba kogin garinmu ba ne, ku riƙa tambayar masu shi." Mai shi ta tako har gabana ta faɗa, na ƙi ji.

Ban musa kuskurena ba. Abin da ya biyo baya shi ke ci min rai. Na ba Iya Ronke haƙuri, ta samo min dashen kwakwa ba ko gori. Na sake kiran taro, mutum huɗu suka zo, biyu don dariya. Yanzu in na ratsa kwata sai a ce ga Sarkin Darbejiya. Alhaji Sule, amininka da ya yi shekaru yana salla cikin duwatsun nan, cewa ya yi, "Mu baƙi ne a Ikko, teku na masu gari ne." Alhali a Agege aka yanke cibiyar 'ya'yansa duka. Na san wasunsu suna karanta wannan, tunda a fili na saki wasiƙar, su karanta. Hoto ya kai su, da aka gama ɗauka suka watse.

Ran Lahadi ni da Iya Ronke da abokan sana'arta muka dasa kwakwar. Yawancinsu ba Musulmi ba ne, amma su suka durƙusa kewaye da masallacinka suna tura rairayi da hannu. Kunya ta hana ni haɗa ido da su. Iya ba ta ɓoye min ba: kwakwa sai ta yi shekaru kafin saiwarta ta kama ƙasa, ruwa kuwa ba zai jira ba.

Shi ya sa da za mu tashi na ciro dutsen alƙibla, na naɗe shi a buhu, na rungumo shi a danfo har gida. Ka yafe min, Baba. Da hannunka ka kafa shi, amma gara ya zauna ƙarƙashin gadona da ya zauna cikin ruwa. Ranar da kwakwar ta yi inuwa zan mayar da shi, in akwai sauran inda zan ajiye.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta, ya raya kwakwar nan ko da ban ga inuwarta ba.

Ɗanka mai taurin kai,
Habibu, Agege