Shari'ar Yaya Goni

Inna, ina gaishe ki. Yaya Barwa, yaya su Kaltumi? Ni lafiya lau a Difa, abinci ma ina samu wani bi.

Kar ki tsorata, amma jiya a jami'a an tsayar da Yaya Goni gaban mutum uku, alƙalai, wai juri, kan littafin tattasai da ya rubuta na neman digiri. Babbansu ya ce, "Ina ka samo wannan?" Na miƙe na rantse gonarmu ce, bai yi sata ba. Aka fitar da ni.

Sun yanke mishi sha shida, wai cikin ashirin. Shi murna yake, har da hoto. Ki sa a yi addu'a, ban sani ba ko wata ne ko shekara.

Ɗanki,
Kyari