Takwararki Ta Yi Mini Maganin Kumburin Ƙafa

Yaya Hajiya, na dawo da ƙafata, kuma na kawo miki takwara gida Daura!

Gafarta mini, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina ƙafar taki? Yaya Malam da yara da zaman Kumasi? Da hannuna nake rubutu, karatun yaƙi da jahilci bai tafi a banza ba.

Da 'yata Binta ta haifi mace a Alƙahira aka sa mata sunanki, kowa ya ce tsoho kamata ba zai iya jirgi ba. Na ce ni zan ɗauko su wankan gida. A tafiya na sha wuya. Don kada alwalata ta karye, na ƙi shan ruwa, na ƙi motsawa daga kujera. Muna sauka ƙafafuna sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga. A hannu na riƙe shi, surukina yana ta sunkuyar da kai yana ɓoye dariya.

A dawowa jaririyar ta ɓarke da kuka. Binta ta ce, "Baba, karɓi amaryarka, ni ta ƙi ni." Na saɓa ta a kafaɗa ina kai da komo tsakanin kujeru, in na zauna ta tsala ihu. Muka sauka Kano, takalmi ya shige salin-alin! Ashe kai da komon da ta sa ni shi ne maganin kumburin.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Na aika wa 'yan'uwa na Mashi da Sandamu labari. Ke ma ki hau jirgi ki zo, kada ki ji tsoro. Ku zo duka ku ga likitata!

Ƙaninki,
Sale