Inna, Muryarki Ta Je Dawanau a Buhun Gero

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara, a makwancinta na gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ɗa ga uwa, da durƙuso har ƙasa, ina fatan Allah ya yalwata miki makwanci, ya cika shi da haske. Mu nan lafiya lau muke, sai dai tsadar nan da kika bari, wadda yanzu ta yi 'ya'ya har da jikoki. Na san a cikin wayar da kika tsana nake rubuta miki wannan takarda, na kuma san jama'a suna leƙowa. Su leƙa, ba komai. Labarin ne ya fi ƙarfin cikina.

Inna, kin je Dawanau. Ke da ko kasuwar Tsanyawa ba ki taɓa takawa ba, kullum aike kike yi, kin shiga babbar kasuwar hatsi, kin kwana biyu, kin kori ƙarti majiya ƙarfi daga wurin aikinsu. Amma bari in ɗauko miki daga tushe.

Kin san ɗanki da tarkace. Tun ranar da na farke rediyon Baba don in ga mutanen da ke ciki kika raɗa mini Mai-tarkace, sunan kuma ya bi ni har Bacirawa a Kano, inda nake da rumfar gyaran waya. Ban taɓa jin haushinsa ba. Ni ɗan fari ne, ke kuma jinin Fulani, na san ko wuƙa aka sa miki ba za ki kama sunana ba. Shekara talatin da huɗu ina amsa "kai wannan", ina amsa "Mai-tarkace", ranar da ranki ya yi fari kuma in samu "yayan Habibu". Amma tunda yau ranar faɗar gaskiya ce, ina yaro in na ji kin ƙwala wa ƙanena kira da sunansa har unguwa ta amsa, sai in ji kishi ya kama ni. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Kin tuna zuwan da na yi da abin kunnen nan marar igiya? Ina tsakar gida ina ciniki da wani mutum a Kano, ina wurga hannu, ina rantsuwa, ga wayar a aljihu. Kika leƙo daga madafa sau biyu, kika koma. Washegari sai ga rubutun sha a kofin silba, wai in shanye kafin in karya. Kin tuna agogon da ke ƙirga takun mutum? Na yi ta yi miki bayani da ɗoki, kika saurara har na gama, sannan kika tambaya ko in ya ƙirga yana rage nisan gonar. Maganarki a kan waya kuwa har yau ina faɗa wa masu kawo mini gyara: "Abin da ba ya noma, ba ya daka, amma kullum a bakin wuta yana jiran ci."

Duk da haka sau ɗaya kin yarda da tarkacena, kuma saboda Baba ne. Likita ya ce yana da hawan jini, ya riƙa shan ƙwaya kullum bayan la'asar. Baba kuwa kin san shi, maganar mutum ɗaya yake ji a duniya, ke ce. Lokacin ciwonki ya fara nauyi, kowa ya gani, ba mai iya faɗa. Sai na sayo masa 'yar ƙaramar waya mai tocila, na roƙe ki ki yi magana a ciki. Kika ce ke ba za ki yi wa mijinki magana a gaban ɗanki da na'ura a hannu ba. Na danna ɗauka, na ajiye miki ita a kan tabarma, na fita zaure. Da na dawo na kashe, na mayar da ita ƙararrawar ƙarfe huɗu, na ruga don kada motar Kano ta cika ta bar ni. Ko sauraren abin har ƙarshe ban yi ba.

Shekara biyu ke nan da rasuwarki, Baba bai taɓa tsallake magani ba. Ƙarfe huɗu na yi, ko yana gona ko yana gindin darbejiya, sai a ji ki daga aljihunsa: "Malam, la'asar ta yi, a sha magani." Nan take sai ya danne ta da babban yatsa, ya ce "To, na ji", kamar dai yadda yake katse ki kina raye. Dattawan majalisa har sun daina dariya, wasu ma da ke suke sanin lokacin alwala.

To ga abin kunyar. Ni da nake yi wa mutane huɗuba kullum cewa su kwafi hotunansu su ajiye wuri biyu, ni da nake yi wa masu kuka a rumfata faɗa in wayarsu ta mutu da komai nasu, ban taɓa kwafar muryarki ba. A cikin 'yar wayar nan kaɗai take, ko a memori ban sa ta ba. Kullum gobe, kullum in na zo Sallah. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ranar wata Laraba Baba ya sunkuya zai ɗauki ludayi, wayar ta sulluɓo daga aljihun gaba ta yi nutso a ƙwaryar fura. Ya tsamo ta, ya goge da bakin riga, ya ari wayar maƙwabci ya kira ni. Na ba shi fatawar da kowane mai gyara ya sani: ya kashe ta, ya binne ta a cikin shinkafa kwana uku, shinkafar za ta tsotse ruwan. Sai ya tambaye ni ko na san shekarar da muke ciki. Ya ce rabonsa da ganin shinkafa a gidan nan tun Sallah, ita ma a faranti ya gan ta, ba a buhu ba. Na yi dariya na ce to ya yi dabara.

Ya kuwa yi dabara irin ta manomi. Ya shiga ɗakin hatsi, ya tura hannu har gwiwa a buhun gero, ya bar ta a can. Bai gaya wa kowa ba, domin ke kika koya masa cewa abin da aka ɓoye a hatsi, in baki biyu ya sani ya tashi daga ɓoyo. Habibu kuma, da yake shi ke riƙe da gona yanzu, ga damina ta ƙarato, ga taki ya zama sai wane da wane, ranar kasuwa ya ɗinke buhu uku ya kai Tsanyawa. Shi ma bai gaya wa kowa ba sai da ya dawo da takin. Gidanmu dai, Inna, kowa da zurfin ciki.

Habibu ya ce bai taɓa ganin Baba haka ba. Ya shiga ɗakin hatsi ya fito, ya sake shiga, ya zauna a bakin ƙofa. La'asar ta yi, aka kawo ƙwaya da ruwa, ya ce a ajiye. Matar Habibu ta tsaya bayan danga ta gwada kwaikwayon muryarki, ya ce Allah ya yi mata albarka, amma ta daina. Kwana uku bai sha ba. Da aka kira ni, nan take na san laifin ba na fura ba ne, ba na gero ba ne, nawa ne.

Sa'ar da muka yi, Habibu ya san wanda ya sayi geron: Alhaji Modu, wani dattijon Babarbare da kakanninsa suka zauna Kano tun tuni, yana da sito a Dawanau. Na garzaya gida, na ce Baba ya zauna ni da Habibu mu je, ya ce ba a neman matar mutum ba da shi ba. Haka muka matsu a bas, gwiwa a bayan wani, muka sauka a kasuwa da azahar.

Inna, da na ga siton, sai na ce shi ke nan. Buhuna ne tun daga ƙasa har rufi, layi bayan layi, duk fari, duk ɗinki iri ɗaya. Alhaji Modu ya ce gobe da safe babbar mota za ta kwashe su, shi ma bai san garin da kowanne zai faɗa ba, kuma ba mai farke masa wannan tulin kaya saboda wayar da ba ta kai kuɗin akuya ba. Da ya gane Baba Bafillace ne kuwa, sai wasan Fulani da Barebari ya tashi. Ya ce dama ai Bafillace in ba saniya ba, ba abin da zai iya kiwo, ga shi an ba shi waya ya shuka ta.

Sai da na yi masa bayanin abin da ke cikin wayar, sannan ya zaro ido ya dafe ƙirji. Ashe kwana biyu ke nan 'yan dakonsa sun ƙi shiga siton da yamma. Wai la'asar na yi sai a ji wata mata a cikin buhuna tana magana ƙasa-ƙasa. Ranar farko babbansu, wani ƙato da ke ɗaukar buhu kamar matashin kai, ya yar da kaya ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Har an yi magana da malamin da zai zo ya yi tofi. Na kusa rungume Alhajin. Irin waɗannan ƙananan wayoyi ko a kashe suke, in lokacin ƙararrawa ya yi sai su farka. Kina nan, Inna, kuma furar ba ta kashe ki ba.

Muka yi sallah, muka shiga muka tsaya. Alhaji ya sa aka kashe injin da ke kusa, ya jera 'yan dakon a bakin kowane layi, kowa ya kasa kunne, wasu na karanta abin da ya sawwaƙa. Agogona mai ƙirga taku ya nuna huɗu daidai. Shiru. Huɗu da biyar, shiru. Na fara lissafin kwanan batir. Na kalli Baba, sai na ga ko a jikinsa. Ya ce in kwantar da hankalina, shi ya mayar da agogon wayar baya don ya dace da ladaninmu, wanda bai taɓa kiran salla a kan lokaci ba.

Huɗu da kwata sai ga ki, daga can ƙasan layi na uku, kamar mai magana a cikin bargo. Ƙaton nan ya yi tsalle ya koma bayan Alhaji. Habibu ya haye kayan, aka yi ta sauke buhuna, kafin a kai ga namu kin yi shiru. Ya yanke ɗinkin, na tura hannu har kafaɗa, na lalubo ta, ta yi fari fat da ƙurar gero. Tana hannuna ta sake fara magana, don in ba a kashe ta ba takan maimaita.

"Malam, la'asar ta yi, a sha magani."

Baba ya miƙo babban yatsa ya danna kamar kullum, yana cewa ya ji. Amma furar ta bushe ta liƙe madannin. Ya danna, ya sake dannawa, ta ƙi. Karo na farko ke nan da ba a katse ki ba. Muka ji kin ce ga ruwa nan a randa, kada a ce an manta. Muka ji kukan kazar nan taki mai wake-wake, muka ji motsin tabarma. Sannan kika yi magana a hankali, ke kaɗai, ba ki san tana ɗauka ba:

"To ta ina ake kashe abin nan? Oh, Auwalu. Auwalu nawa da tarkacensa. Allah dai ya yi maka albarka."

Inna, sai na zauna a kan buhun mutane. Ina dariya, hawaye na zuba, ga gero a gashin hannuna. Ashe kin iya faɗarsa. Ashe ma har da ɗan ja a ƙarshe kike yi masa. Sama da shekara biyu sunana yana yawo a aljihun Baba, kullum saura kaɗan ya fito sai babban yatsa ya tare shi. Baba ya juya mana baya yana gyara hula, ya daɗe yana gyara ta. Da ya juyo sai ya ce a ba shi ruwa. Ashe ƙwayar na ƙulle a bakin rigarsa tun daga gida, nan ya sha ta a gaban kowa.

Alhaji Modu ya share ido ya ce shi ma fa yana da hawan jinin, kuma ba mai tuna masa, ko za a tura masa muryar a tasa wayar. Baba ya ce Babarbare ya je ya nemi tasa, wannan da aurenta. Haka suka rabu suna dariya, Alhajin ya hana mu biyan ko ladan ɗinkin buhu.

Yanzu na kwafe ki wuri biyar, har da memorin da na ba matar Habibu ta ƙulle a ƙasan akwatinta. Na wanke wayar tas, na ce zan gyara madannin, Baba ya ce in bar shi yadda yake. Habibu ya ce kullum yanzu sai Baba ya bari kin kai ƙarshe, kuma in kin gama, maimakon "na ji", amin yake cewa.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya gafarta miki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Allah ya ba Baba lafiya da tsawon rai, ya kawo mana damina mai albarka da sauƙin wannan rayuwa, ya haɗa mu a Aljanna inda ba caji ba ɗauke wuta. In mun haɗu kina iya komawa "kai wannan", ba zan ji komai ba. Na riga na ji.

Ɗanki na fari, Mai-tarkace,
Auwalu. Ke kika faɗa da bakinki.