An Goge Waƙoƙin Mijina, Yana Zargin Amininsa, Ni Kuwa Na San Gaskiya

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari, ke da duk masu bin wannan shafi. Don girman Allah ki sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. 'Yan'uwa ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

Ni matar aure ce, ina aikin zuba alawa a leda a wani kamfani a Bompai. Mijina, Abban Hanifa, yana kan injin wanke fata a Challawa. Tun kafin aurenmu yake waƙa, ba irin ta rawa ba, ta 'yan aiki ce: mutumin da ya baro ƙauyensu a Jigawa ko Nijar ya zo yana cunkushe a ɗakin haya, da wanda inji ya ci wa yatsa aka sallame shi. Yana da amini tun na yarinta, in kira shi Sabi'u, mai ɗan situdiyo a Na'ibawa. Shi yake yi masa kiɗa, shi yake ɗauka, bai taɓa karɓar ladansa ba, kuma shi ya buɗe masa shafi a wata manhajar sauraron waƙa ya ɗora su duka.

Wallahi waƙoƙin sun shiga mutane. In kika hau motar ma'aikata da safe sai kin ji su. Akwai matan da muke layi ɗaya a wurin aiki da suka matse bakinsu suka biya kuɗin wata na manhajar don kawai su ajiye waƙoƙinsa a waya. Amma wata ya bi wata, ba abin da ya shigo masa. Sabi'u ne ya fahimtar da mu cewa abin da mutane suke biya ba ya zuwa wurin mawaƙin da suka saurara, wuri ɗaya ake tara shi a raba, manya su kwashe, kai kuwa in jin da aka yi maka bai kai yadda suke so ba, sai dai ka yi kallo. Don Allah wannan adalci ne? Mace ta tsaya kan ƙafarta tun safe har la'asar, ta biya saboda muryar mijina, abin ya tafi aljihun wanda ko sunansa ba ta taɓa ji ba? Ranar Abban Hanifa murmushi kawai ya yi ya ce, "Bar shi, Maman Hanifa, dama ba don wannan na fara ba." Amma ni na san burinsa ya rabu da injin nan, don sinadarin jima ya gama cinye masa tafin hannu.

To a nan na yi abin da nake jin kunyar faɗa. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da shagon cajin waya da tura waƙoƙi a Sharada. Na kai masa kukana, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Ke ba ki san gari ba. Duk waɗanda kike gani a sama talla aka yi musu. Ina da mutanen da za su kai waƙar kunnen jama'a." Na ce, "Yaya, ba abin da zai taɓa shi?" Ya ce, "Haba, ni zan cuci mijin ƙanwata?" Ya ce in samo masa lambar sirrin shafin da asalin waƙoƙin. Na faki ido mijina yana wanka na ɗauki wayarsa na tura masa komai, na haɗa masa da kwasar adashina. Ban gaya wa Abban Hanifa ba don na san ba zai yarda ba, kuma a wautata gani nake ranar da abin ya yi kyau zan ce masa ni ce.

Ba a jima ba masu sauraro suka yi sama. Mijina ya dawo gida da tsire yana ta hamdala, har da cewa addu'ar iyaye ce. Sabi'u ne kaɗai bai yi murna ba, ya ce, "Anya? Waɗannan ƙasashen da nake gani wai daga can ake sauraro, ko sannu ba su sani da Hausa ba." Ashe ba mutane ba ne, wayoyi ne aka jera a wani ɗaki suna ta maimaita waƙar, ba kunnen da yake ji. Sai ga saƙo daga manhajar, wai an kama shafin da sauraron bogi, an sauke waƙoƙin duka, an rufe shi. Ba gargaɗi, ba a tambaye shi komai ba, hatta waƙoƙin da Yaya bai taɓa ba sun tafi. Sabi'u ya yi ta rubuta musu, amsa iri ɗaya na'ura take dawo masa da ita, ko sau ɗaya mutum mai rai bai tanka ba. Matan layinmu suka buɗe wayoyinsu suka tarar waƙoƙin da suka ajiye sun dishe ba sa buɗuwa, amma da wata ya ƙare an cire musu kuɗinsu cif. Suna yi mini jaje ina sunkuyar da kai. Na je wurin Yaya, ya ce tsautsayi ne, in yi shiru kawai. Na yi shiru.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Wata rana lokacin cin abinci wata abokiyar aikina ta miƙo mini waya ta ce, "Wannan ba muryar maigidanki ba ce?" Anti, ita ce. An ƙara mata sauri, an canza hoton, an sa sunan wani da ba mu sani ba, kuma a kan manhajar nan dai da ta kore shi. Wato mai waƙa ne ɗan bogi, ɓarawon kuwa an ba shi kujera? Da aka kai musu ƙorafi cewa suka yi a turo hujja ta shafin mai waƙar, shafin da su da kansu suka rufe.

Abban Hanifa ya ce asalin waƙoƙin nan mutum biyu ne suke da su a duniya, shi da Sabi'u. Ya tafi Na'ibawa a fusace, a gaban mutane ya kira shi maci amana. Ni kuma na wuce Sharada wurin Yaya. Yaya ko musu bai yi ba, ya ce, "Shafinsa ya riga ya mutu, in bar waƙoƙi su ruɓe? Wani ya taya na sayar." Na ce, "Yaya, ni ka yi wa haka?" Ya ce, "Ki je ki faɗa mana. Wa ya sato lambar sirrin? Aurenki zai riga shagona mutuwa, kuma kin san Inna da hawan jini." Mutumin da ya goya ni ina ƙarama, shi ne waliyyina ranar ɗaurin aurena.

Yanzu masu zuwa ɗaukar waƙa sun gudu daga wurin Sabi'u, unguwa ta ɗauka shi ɓarawon waƙa ne. Kwanan baya ya tare ni a ƙofar kamfaninmu bayan an tashi, ya rame, ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, ya ce, "Maman Hanifa, ke ma kin yarda zan yi masa haka?" Na buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya bayyana gaskiya." Ya ce, "Amin, na gode." Har godiya ya yi mini, Anti!

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, mijina ya kai ƙarar Sabi'u wurin mai unguwa, an sa musu zama. Ya ce yana buƙatar wanda ya san harkar waya ya yi wa dattawa bayanin yadda ake satar waƙa, sai ya roƙi Yaya. A gabana ya kira shi, ina jin muryarsa ta wayar yana cewa, "Ba komai surukina, ai naka nawa ne, zan zo."

In na yi magana, na tona kaina, na tona ɗan'uwana, ban san abin da zai sami Inna ko aurena ba. In na yi shiru, zan zauna a gida ina sane ɓarawo ya tafi ba da shaida a kan wanda bai ci ba bai sha ba. Jama'a ku dubi Allah ku faɗa mini, me zan yi?