Filaya Tana Kan Tiyo

Baba,

Na tarar kana barci, ni kuma ana jirana a shago.

Ɗazu jirginka ya mutu mana ni da Kawu a tsakiyar ruwa, leda ce ta shige famfonsa. Wani mai jirgin yashi ya jefo igiya zai ja mu, na ce a dakata sai na matse tiyon da ke kai wa inji ruwa. Kawu ya ce, "Ke da ɗinki kika sani, ina ruwanki da inji?" Na ce Baba ya sha faɗa, jirgi mai feshin ruwa in aka ja shi a kashe, ta tiyon nan ruwa ke cika inji. Na danne tiyon da filaya, na ɗaure ta da ɗankwalina, muka taho a hankali.

Makaniki ya cire ledar, ya kwance fulogi, ko ɗigon ruwa babu a cikin inji! Kawu har yanzu ya kasa haɗa ido da ni.

Filayar tana nan a matse. Don Allah ka cire ta kafin ka tayar da inji, kada ya ƙone.

'Yarka, wadda ka ce ba ta sauraron magana.