Ƙarfen da Ya Ƙi Yin Ja

Zuwa ga Baba Labo, maƙeri, Gazawa.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da Inna Yelwa, da ciwon gwiwar nan. Hamza ƙanena, karanta masa a hankali, ban da tsallake layi irin naka.

Baba, ka tambayi abin da nake yi a Faransa. Ƙarfe nake yi, kamar kai, sai dai nawa gari ne da bai cika cokali ba. Ƙwayoyin ƙarfen suna riƙe da juna ta wata gada ta siyanid, gubar nan ta rogo mai ɗaci. Ikon Allah, in akwai ɗumi garin rawaya ne, in ya sha sanyi sai 'yan ƙananan abubuwan da ke cikin ƙwayar su haɗu bibbiyu, ya koma ja. Haka ya kamata. Nawa ya ƙi. Wata huɗu ina jefa shi cikin sanyi mai tsanani, yana nan rawaya kamar ya rantse. Farfesar da ke duba aikina ta ce in wata ya ƙare babu canji, za a rufe aikin, in dawo ba digiri. Tsoro nake ji.

'Yarka, Rahina.

Zuwa ga Baba.

Ina gaisuwa, ina fatan an kai gero rumbu lafiya. Saƙonka ya iso, har da faɗan. Ka ce ɗiyar maƙeri ba ta san ƙarfen da aka tsoma a ruwa da zafinsa yana ƙagewa yadda yake ba, sai an binne shi a toka ya huce da kansa. Na ji haushi kwana guda, kashegari na gwada. Na riƙa rage zafin kaɗan-kaɗan tun safe har la'asar. Baba, ya yi ja, kamar lauje a bakin zuga-zugi. Farfesa ta ce gaggawata ce ke kulle shi bai samu juyawa ba. Aikin ya tsira.

Akwai abin da na ɓoye maka. Tun ina lakol, makarantar boko, in ana cike takarda, wurin sana'ar uba nake rubuta ɗan kasuwa, don kunyar a ce da ni bamaƙeriya. Jiya farfesa ta tambayi littafin da na samo dabarar. Na ce mata ubana maƙeri ne a Gazawa. Ta sa na rubuta mata sunanka.

Ka yafe mini. A gaida Inna.

Rahina Labo, ɗiyar maƙeri.